Bindigar da Na Yi wa Riga

Shekarar da sojoji suka dawo daga yaƙin kudu, tsofaffin bindigogi sun yi araha a Bahiya, garin ƙetaren teku da aka kawo mu bauta, har wanda bai taɓa tunanin mallakar bindiga ba ya fara tunani. Ina cikin waɗanda suka yi wannan tunanin, kuma da an tambaye ni a yau, da na ce a bar ni da fartanyata.

A lokacin na daɗe da karɓar takardar 'yancina. Shekarun da na yi ina dako a ƙasan gari, ina ɗaukar buhunan sukari da ƙunshin taba daga bakin jirage zuwa saman tudu, sun cinye mini gwiwoyi. Da na ga hawan gangaren nan ya fi ƙarfina, sai ni da matata muka koma unguwar Itapajipe a bakin teku, inda ƙasa take shimfiɗe. Ita Bazazzagiya ce, abin da ya yi wuyar samu a nan, don matan ƙasarmu ba su da yawa. Tana suyar ƙosai da manja kusa da inda masunta suke sauke kifi. Ni kuwa na koma sana'ar gidanmu, dukanci, wadda na koya a gaban mahaifina a wani ƙauye na ƙasar Katsina kafin a kama ni. Ina ɗinka takalma da kuben wuƙa, ina gyara linzami da sirdi. Ban da wannan ina da 'yar gonar rogo a bakin fadama, can bayan gidaje.

Gonar nan ce ta zama mini hujja. Akwai wata dabba a nan da ake kira kafibara, kamar gyazbi take amma ta kai tunkiya girma, tana zama cikin ruwa, tana fitowa ta yi ɓarna. Sau biyu na tarar sun tattake mini kunya bayan kunya. Na yi shinge, suka ratsa. Na haƙa rami, ruwa ya cike shi.

Maƙwabcina wani haifaffen nan ne, uwarsa Bayarabiya. Ya je yaƙin, ya dawo da hannu ɗaya a shanye. Shi ya ji ina ƙorafi, ya ce yana da maganin abin. Ya ce bariki ta zubar da tsofaffin bindigoginta, wani ɗan kasuwa ya kwashe su tuli guda, shi kuma ya sami biyu a wurinsa, zai sayar mini da ɗaya a kan kuɗin da bai kai na takalmi mai kyau ba. Na tambaye shi takarda, ya yi dariya, ya ce wa ke yi wa tsohon ƙarfe takarda.

Shi yana iya yin dariya, don a nan aka haife shi. Mu da aka ɗauko daga ƙetaren teku, ko da takardar 'yanci a aljihu, wuƙa mai tsini kaɗai ta isa a tsare mutum a hanya. An ce akwai izinin riƙe makami da hukuma ke bayarwa, amma ban taɓa jin an ba irinmu ba. Na san duk wannan. Duk da haka washegari da hantsi na naɗe bindigar cikin tabarma, na haɗa da sandunan gora biyu don a ɗauka kayan shinge ne, na ɗauko. Tsakanin gidansa da nawa bai wuce taku ɗari ba, amma sai da rigata ta jiƙe da gumi. Duk wanda ya gaishe ni sai in ga kamar tabarmar yake kallo.

Matata tana tankaɗen garin wake lokacin da na warware tabarmar a tsakar ɗaki. Ta dubi abin, ta ci gaba da tankaɗenta har ta gama, ta kakkaɓe hannu, sannan ta ce, "Malam, kafibara ce ta sa ka saya, ko kuwa kai ne?"

Na ce kafibara ce. Ta tashi ta saki labulen ƙofa.

Gaskiyar maganar ita ce tun ranar da aka ɗaure ni a ƙasarmu aka yi kudu da ni ina yaro, bindiga kullum a hannun wani take, ni ina gabanta. Ina so in ji yadda take in tana hannuna. Wannan ban iya faɗa wa matata ba a ranar.

Da na zauna na duba ta da kyau, sai na ga dalilin arahar. Tsatsa ta ci bakin har ciki. Itacen ya tsage a wuya, daidai inda hannu ke kamawa. Sandar da ake ɗura albarushi da ita babu. Ɗan ƙarfen da ke can ƙarshen baki, wanda ake auna abin harbi da shi, ya karye. Zobe ɗaya na maratayi ya ɓace. Ga tsawo, ga nauyi. Na ɗora ta a kafaɗa, yatsana bai ko kai ga kunamar ba sai na miƙe hannu gaba ɗaya. An yi ta ne don wani ƙato, ba don tsohon ɗan dako ba.

Mutum ɗaya na sani da zai iya gyara ta, wani dattijo maƙeri mutumin Kano, wanda ke ƙera ƙusoshi da ƙugiyoyi wa masu gyaran jirage a bakin ruwa. Ya girme ni da kusan shekara ashirin. Yana garin nan lokacin tawayen da Musulmi suka yi cikin wani azumi, tun kafin a kawo ni, wanda ya faro daga wani gida a gangaren da ake kira Ladera-da-Parasa. Shi bai fita ba, bai ma san da shirin ba, amma da aka shiga binciken gidaje sai aka sami allo a ɗakin da yake kwana. Allon kaɗai ya jawo masa bulalar da har ya mutu bai ƙara tuɓe riga a gaban mutane ba, ko da zafin maƙera ya kai inda ya kai. Ina ce masa Baba. Duk Juma'a da yamma yakan zo gidana mu ci tuwon garin rogo, mu yi Hausa mu more, don a titi sai Yarabanci da harshen Turawa.

Da na gaya masa, ya ce in je in jefa ta cikin teku tun kafin rana ta faɗi, kuma kada in sake yi masa maganar. Ban jefa ta ba. Juma'a ta zagayo, ya zo kamar kullum, muka ci abinci. Har ya tashi zai tafi, sai ya tsaya a bakin ƙofa ya ce in fito da ita ya gani, gani kawai.

Hannun maƙeri ba ya ganin ƙarfe ya ƙyale. Ya ɗaga ta sama ya leƙa cikin bakin ta wajen haske, ya ƙwanƙwasa da farce yana saurare, ya ja kunamar ya ji yadda take sauka. Ya ce ƙarfen na kirki ne, wulaƙanci kawai ya sha. Daga nan ya gindaya mini sharuɗɗa. Bindigar ba za ta taka maƙerarsa ba. Zai auna abin da ake bukata da zare, ya ƙera su ɗai-ɗai cikin aikin jirage, ya kawo a aljihu. In wani abu ya faru, bai san ni ba, ban san shi ba.

A nan muka yi karo da tambarin. A jikin ƙarfen da ke gefe akwai hoton kambin sarkin ƙasar, an buga shi da ƙarfi, a gindin itacen kuma an ƙona wata lamba. Na ce ya sa magagari ya goge su. Ya girgiza kai. Ya ce in an kama ni da tambari, za a ce na sayi kayan bariki, in kuwa an kama ni da gurbin tambari, za a ce na sata na ɓoye, kuma ba wanda zai tsaya jin bayanina. Na ce to ya rage mata tsawon baki, ta yi sauƙin ɗauka. Wannan ma ya ƙi. Ya ce doguwar bindiga ta maharbi ce, gajeriya kuwa ta mai shiga ƙarƙashin riga ce, kowane ɗan sanda ya san bambancin.

Muka shafe kusan wata biyu muna aikin, Juma'a zuwa Juma'a, labule a sake, matata tana zaune a waje tana gyaran wake don ta ga mai zuwa. In ta fara 'yar waƙa, sai mu tura komai ƙarƙashin gado. Sau uku ta yi waƙar. Biyu masu sayen ƙosai ne, ɗaya akuyar maƙwabta ce ta ture murfin tukunya.

Ni na ɗauki wanke tsatsa. Na naɗa tsumma a kan sanda, na riƙa tsoma shi cikin manja da toka mai laushi ina gogawa, kwana da kwanaki, har tsumman ya daina fitowa ja. Baba ya yanke faɗin yatsu uku daga gindin itacen, na sassaƙa ƙahon sa na rufe wurin. Ya kawo zoben tagulla, ya ɗumama shi a murhun matata, ya zura shi a wuyan da ya tsage, da ya huce ya matse tsagar kamar ba a taɓa yi ba. Ya ƙera sandar ɗuri. Ya ƙera zoben maratayi. Ɗan ƙarfen auna kuwa na tagulla ya yi shi, ya ce idon mai shekaru ya fi ganin abu mai ƙyalli.

Da a nan muka tsaya, da bindiga ce kawai irin ta kowa. Amma da aikin ƙarfe ya ƙare sai nawa ya motsa. Na ce bari in rufe lambar nan da aka ƙona da 'yar fata, ba gogewa ba ce, rufewa ce. Na ɗauko jar fatar akuya da na daɗe ina ɓoyo. Da na yanka ta na ɗora, sai na ga ta yi fili da yawa, na yanko baƙa da koriya na yi mata ado irin wanda mahaifina ke yi wa kuben takobi, wanda ban sake yi ba tun ina yaro. Hannuna ya tuna abin da na ɗauka na manta. Na kitsa maratayi mai igiya shida. Na sa masa tuntaye. Na ɗinka 'yar jaka ta zuba hulunan tagulla da ake ɗora wa bindigar kafin ta tashi, na ɗinka wata ta harsashin dalma. Kullum in na ce na gama, sai in ga wani wuri da ke neman basilla.

Matata ta ɗauke ta ran nan ta jujjuya, ta ce ta yi kyau, kuma duk Itapajipe ba mai irin wannan ɗinkin sai ni, ko makaho ya shafa zai faɗi sunana. Na san gaskiya ta faɗa. Amma ban farke ko zare ɗaya ba.

Akwai abin da na yi wanda ban gaya wa kowa ba. Ina tsoron bindigar. Na taɓa ganin mutumin da tsohuwar bindiga ta fashe masa a fuska. Ina da wata 'yar laya da wani malami ya rubuta mini da daɗewa, kafin ya rasu, 'yar takarda ce ninki huɗu, na tsari. Ranar da zan rufe ɗinkin ƙarshe na gindin, na kwance layar daga cikin fatarta, na shimfiɗa takardar a kan itacen, daidai inda kumatuna zai kwanta, na rufe da jar fatar na ɗinke.

Gwaji sai da muka jira ranar wani bikin coci, lokacin da suke harba abin wuta sama tun safe, ƙara ko'ina. Baba bai zo ba, amma ya ce kada in kuskura in fara harbawa daga kafaɗa. Na kai ta can ƙarshen fadama cikin tabarmarta, na ɗaure ta a jikin bishiya, na sa dogon zare a kunamar, na koma bayan wata bishiyar. Na daɗe riƙe da zaren ina jiran ƙarar cocin ta yi yawa. Da na ja, tsuntsaye suka tashi, hayaƙi ya turnuƙe, ni kuwa na durƙusa ina sauraren ko akwai takun mutum. Ba kowa. Bindiga lafiya lau. Na sake ɗurawa, na harba daga kafaɗa, na sami kututturen da na auna. Kwana uku kafaɗar tana ciwo, ina jin daɗin ciwon.

Bayan mako guda, da sassafe, na harbe kafibara ɗaya a tsakiyar rogona. Ban san hukuncin namanta ba, don haka ba mu ci ba. Da na binne ta a wurin da an huta. Sai na ga asara ce, na kira masunta biyu na ce su ɗauka. Kafin azahar an raba naman gida biyar, kowane gida kuma ya tambayi inda aka samo, da yadda aka kashe.

Kowace unguwa a nan tana da mutumin da 'yan sanda suka ɗora ya sa ido a kan gidaje, ya san mai shiga da mai fita. Namu wani mai kanti ne, farin mutum mai tumbi, yana sayar da busasshen nama da giya da sabulu a bakin hanya. Ba mugu ba ne a yadda ake lissafin mugunta a garin nan, kuma na taɓa gyara masa sirdi. Ran Talata bayan azahar ya zo, shi kaɗai. Matata ba ta ko sami damar yin waƙa ba. Ya zauna a kan kujerar aikina, ya tambayi gwiwata, ya yabi naman, ya ce shi ma an kai masa. Sannan ya ce in kawo ya gani.

Na yi tunanin yin musu, na ga ba amfani, gadon yana bayansa. Na jawo ta na miƙa masa da hannu biyu. Ya fara da tambarin, ya daɗe yana kallo. Cikin murya mai sanyi ya lissafa mini abin da zai biyo baya in ya kai ni: ɗakin tsaro, tambayoyi a kan wanda ya sayar da wanda ya gyara, wataƙila a sa ni a jirgi a fitar da ni daga ƙasar, a bar matata a nan. Yana magana yana shafa jar fatar da babban yatsansa, yana bin layin adon. Ya tambayi wanda ya yi aikin ƙarfen, na ce haka na saye ta. Ya dube ni, ya dubi sabon zoben tagullar.

Daga ƙarshe ya ce shi ba ya son ganin an wahalar da mutumin da ke zaune lafiya. Zai ajiye ta a wurinsa don amfanin kaina, ba zai rubuta komai ba, maganar ta mutu. Ya rataya ta a kafaɗa, ya karɓi jakunkunan biyu, ya fita da ita a fili cikin rana, tuntayen suna lilo.

Na zauna a ƙasa ina hamdala. Matata ta kawo mini ruwa. Na kai kofin baki ke nan na tuna da takardar.

Bindiga a hannun baƙin mutum laifi ne da ake iya rufewa, ga shi ma an rufe. Rubutun Larabci ɓoye a jikin makamin bariki kuwa, a garin da har yanzu tsofaffin Turawa ke ba jikokinsu labarin tawaye, wannan ba mai kanti ba, ko wanda ya fi shi ba zai iya rufewa ba. Ba za su ce laya ce ba. Za su ce saƙo ne, su nemi wanda aka aika wa.

Da na gaya wa matata, ta zauna a bakin gado ta riƙe kanta. Ba ta yi mini faɗa ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce dole Baba ya sani, don aikinsa na jikin abin. Washegari na same shi a maƙera, na jira masu jirage suka tafi, na faɗa masa. Ya ajiye awartaki a hankali. Sannan ya ce, "Na ce maka in wani abu ya faru ban san ka ba. Ashe ni ne ban san ka ba tun farko." Ya juya ya kama zuga-zugi. Juma'ar nan bai zo ba, ta gaba ma haka. Na ji an ce ya kwashe 'yan kayansa ya kai ajiya wani gida.

Mai kanti bai ɓoye bindigar ba. Ya buga ƙusa biyu a bangon kantinsa, sama da buhunan gishiri, ya rataye ta inda kowa zai gani. Hanyar gonata ta gaban kantin take. Kullum sau biyu nake wucewa, kullum ina satar kallon gindin. Na san abin da iskar teku ke yi wa zare. Na san ɓeraye na bin gishiri da nama, kuma suna son fata mai maiƙo. Abinci ya daina shiga mini. In na ji takun doki a hanya sai basilla ta faɗi daga hannuna. Na ɗinka wa wani takalma duka na ƙafar hagu.

Wata ranar Asabar ina dawowa, na hangi wani sajan na 'yan sanda a cikin kantin, ya sauke ta, ya ɗora a kan tebur, yana sa farce a bakin ɗinkin don ya ga yadda aka yi shi. Mai kanti ya hango ni, ya ɗaga hannu ya ce ga mai aikin nan. Na cire hula na gaishe su. Sajan ya ce da hannu na yi ko da wani abu, na ce da hannu. Ban san yadda na isa gida ba.

Matata ce ta samo dabara. Ta ɗauki ƙosai mai zafi ta kai wa matar mai kanti, cikin hira ta ce mijinta ya kasa barci don kunya, wai fatar da ya sa a gindin bindigar ba ta gama jima ba, in damina ta sauka za ta yi wari ta dame kantin, yana so ya sake ta da wadda ta fi kyau amma yana jin nauyin faɗa. Bayan kwana biyu aka aiko in zo. Na yi fatan zai ce in tafi da ita gida. Ya ce a'a, bindiga ba za ta sake shiga hannuna a bayan idonsa ba, in kawo kayan aikina in yi a tsakar gidansa.

Da hantsi na je. Ya sa aka shimfiɗa mini buhu a gindin bishiyar mangwaro, ya jawo kujera ya zauna dab da ni da lofensa, ya ce ya daɗe yana son ganin yadda ake wannan aikin. Na yi ta addu'a a zuci wani ya kira shi kanti. Ba wanda ya kira.

Na juya gefen da takardar take ya dubi cinyata. Na fara yanke zaren daga ɗaya gefen, ɗaya bayan ɗaya, ina yi masa bayanin jima da bagaruwa don bakina ya sami abin yi. Da na zo ɗaga fatar, na zura yatsu biyu ƙarƙashi na laluba. Takardar ta manne da itacen. Na ce masa maiƙo ya kama, sai an bi a hankali, na sa bakin wuƙa a kwance ina kankarewa a makance, ina ji tana ɗagowa kaɗan-kaɗan, ina tsoron ta yage ta bar rabi. Gumi yana ɗiga daga haɓata a kan fatar. Ya ce zafi ne, na ce zafi ne. Da na ji ta saki, na naɗe fatar da ita a ciki, na jefa cikin jakata kamar tarkace.

Ya miƙo hannu. "Ba ni tsohuwar. Adon ya yi kyau, kada a yar."

Na ce masa ai ba yarwa zan yi ba, so nake in wanke ta, in gyara gefen, in yi masa jakar taba da ita, in ya so gobe ya aiko a karɓa. Hannun nasa ya ɗan tsaya a miƙe. Sannan ya janye, ya ce to a sa mata igiya doguwa.

Sai da na yi sa'a uku ina ɗinka sabuwar rigar, yana zaune. Ban taɓa yin ɗinki mai muni irin wannan ba, shi kuwa ya ce ta fi ta farko.

A gida muka buɗe fatar ni da matata. Mai ya ratsa takardar, tawadar ta bazu, in ban da harafi uku ko huɗu a gefe ba abin da ke karantuwa. Amma duk wanda ya gani ya san ko wane irin rubutu ne. Na jiƙa ta a ƙwarya har ta narke, na kai ruwan bayan gida na zuba a gindin lemo inda ƙafa ba ta takawa. Matata ta je da kanta ta gaya wa Baba. Ta ce ya saurara har ƙarshe, ya ce Allah ya kyauta gaba. Sai bayan sallar layya ya fara amsa gaisuwata da fiye da kalma ɗaya. Mun ci gaba da gaisawa har ƙarshen ransa, na kuma yi masa wanka da hannuna, amma bai ƙara cin abinci a gidana ba.

Abin da ban zata ba shi ne aikin da ya biyo baya. Sajan nan ya aiko in yi wa tasa bindigar irin wannan riga. Bayansa wani abokinsa, bayansa wani mai gonar rake da ke da gida a saman gari. Babu wanda zan iya ce wa a'a. Nakan ɗauki jakata in hau gangaren da gwiwoyina suka guda, in zauna a tsakar gidan mutum, bawa ko ɗan gida yana tsaye a kaina, in ɗinka in sauko. Suna biya, ba laifi. Amma kowace ranar da zan je, matata takan zazzage jakar ta duba ta ciki da waje kafin in fita, ni kuma ba na iya karin kumallo.

Mai gonar raken, da na gama tasa, ya ji daɗi ƙwarai. Ya sa aka kafa kwalba a kan katanga, ya ɗura bindigar da kansa, ya miƙo mini, ya ce in gwada, ai hannuna ya cancanta. Mutanen gidan duk suka tsaya suna kallo. Na ce masa ya yi haƙuri, idona ya mutu, ko katangar ba na gani sosai. Ya yi dariya ya harba da kansa, bai samu ba. Na tattara basillata da guntayen fata, na yi sallama, na sauko don in sami la'asar a gida.